Zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Uttar Pradesh na 2027: Yadda ake yin sa, masu fafatawa da abin da ya rataya a kansa

A farkon shekarar 2027 ne al'ummar Uttar Pradesh, jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Indiya, za su zaɓi 'yan ƙaramar majalisar dokokin jiharsu, wadda ake kira Vidhan Sabha. Wa'adin majalisar da ke ci yanzu, wadda ita ce ta 18, zai ƙare a watan Mayun 2027, kuma tilas ne a zaɓi sabuwa kafin lokacin. Zaɓuka uku na baya, wato na 2012 da 2017 da 2022, duk an yi su ne a tsakanin Fabrairu da Maris.

Kujeru 403 ake takara a kansu. Duk jam'iyya ko ƙawancen da ya samu 202 shi zai kafa gwamnati, ya fitar da babban ministan jihar. Jam'iyyar BJP ta Firaminista Narendra Modi ce ke riƙe da jihar tun 2017, ƙarƙashin Yogi Adityanath, kuma tana neman wa'adi na uku a jere. Babbar mai ƙalubalantarta ita ce jam'iyyar Samajwadi ta Akhilesh Yadav. Tarihin zaɓukan jihar ya nuna cewa yawan magoya bayan jam'iyya kaɗai ba ya ba ta nasara, abin da ke raba gardama shi ne yadda ƙuri'un sauran suka haɗu ko suka warwatse.

Jihar da ta kai girman ƙasa

Uttar Pradesh tana arewacin Indiya, a filin kogin Ganga, tana iyaka da ƙasar Nepal. Babban birninta Lucknow. A ƙidayar 2011 an samu mutum kusan miliyan 200 a cikinta, adadin da ya zarce na Najeriya a wancan lokaci. Tana da gundumomi 75. A cikinta ne birnin Agra yake, inda ginin Taj Mahal yake, da Varanasi da Ayodhya da Mathura, garuruwan da mabiya addinin Hindu suke tsarkakewa. A nan kuma ake da manyan cibiyoyin ilimin Musulunci irin su Darul Uloom ta Deoband da Nadwatul Ulama ta Lucknow, da Jami'ar Musulmi ta Aligarh.

A zamanin mulkin Birtaniya ana kiran yankin Haɗaɗɗun Larduna, kuma majalisar ta fara zama a 1937 bisa dokar mulkin Indiya ta 1935. An sauya sunan zuwa Uttar Pradesh a Janairun 1950. Kujerun majalisar sun kai 425 kafin a yanki jihar Uttarakhand daga yankin duwatsun arewa a Nuwamban 2000, daga nan suka koma 403. Duk da haka ita ce majalisar jiha mafi girma a Indiya, ta ma fi Majalisar Wakilan Najeriya mai kujeru 360.

Nauyin jihar a siyasar ƙasa ya daɗe. Firaministoci tara ne suka wakilci mazaɓun Uttar Pradesh a majalisar tarayya, daga Jawaharlal Nehru da Lal Bahadur Shastri da Indira Gandhi, zuwa Atal Bihari Vajpayee da Modi, wanda ɗan Gujarat ne amma yake wakiltar Varanasi tun 2014. Shi ya sa 'yan siyasar Indiya kan ce hanyar zuwa Delhi ta Lucknow take bi.

Majalisu biyu, ɗaya ke da wuƙa da nama

Jihohi shida kaɗai ke da majalisu biyu a Indiya: Uttar Pradesh da Bihar da Maharashtra da Karnataka da Andhra Pradesh da Telangana. A Uttar Pradesh babbar majalisa ita ce Vidhan Parishad, mai kujeru 100. Jama'a ba sa zaɓenta kai tsaye. 'Yan ƙaramar majalisa ne ke zaɓen 38, wakilan ƙananan hukumomi su zaɓi 36, malaman makaranta 8, masu digiri 8, gwamna kuma ya naɗa 10. Wa'adin kowane ɗan babbar majalisa shekara shida ne, kuma ba a rushe ta.

Sunan babba bai ba ta ƙarfi ba. Idan ƙaramar majalisa ta amince da ƙudiri, iyakar abin da babbar za ta yi shi ne ta jinkirta shi wata uku a karon farko, wata ɗaya a karo na biyu. Ƙudirin kuɗi kuwa kwana 14 kawai za ta iya riƙe shi. Ba ta iya sauke gwamnati. Amfaninta ga jam'iyyu shi ne ta zama ƙofar shigar da minista wanda bai ci zaɓe ba, domin tsarin mulki ya ce dole minista ya zama ɗan ɗaya daga cikin majalisun cikin wata shida. Ta wannan ƙofa Yogi Adityanath ya bi a 2017, kuma ta nan ne mataimakinsa Keshav Prasad Maurya ya ci gaba da riƙe muƙami bayan ya faɗi zaɓe a mazaɓar Sirathu a 2022.

Mai karatu a Najeriya zai fi gane tsarin idan ya tuna Jamhuriya ta Farko, lokacin da Jihar Arewa ke da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, Firimiya Sir Ahmadu Bello ya fito daga cikin wakilai, Gwamna Sir Kashim Ibrahim kuma yana zaman uban ƙasa. Haka abin yake a Lucknow. Shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamna, aikinsa galibi na sa hannu ne da rantsarwa. Ainihin iko yana hannun babban minista, wanda sunansa ba ya kan takardar zaɓen jiha baki ɗaya. Gwamna kan gayyaci jagoran masu rinjaye ya kafa gwamnati, kuma ranar da rinjayen ya kuɓuce masa gwamnatin ta faɗi.

Tsarin mulkin Indiya ya ɗora wa jihohi harkar 'yan sanda da tsaron jama'a da filaye da noma da kiwon lafiya, ilimi kuma ana tarayya a kansa da gwamnatin tsakiya. Babu rundunar 'yan sanda guda ta ƙasa mai kula da tsaron yau da kullum kamar a Najeriya, kowace jiha da tata. Kasafin kuɗin jihar na 2025 zuwa 2026 ya haura rupee tiriliyan takwas. Wanda ya ci wannan zaɓe shi ke riƙe da sanda da lalitar mutum sama da miliyan 200.

Yadda ake gudanar da zaɓen

Hukumar Zaɓe ta Indiya ce ke shirya shi, kamar yadda INEC ke shirya zaɓen majalisun jihohi a Najeriya. Hukumar zaɓe ta jiha tana kula da ƙananan hukumomi ne kawai. Saboda girman jihar ana raba zaɓen rukuni-rukuni, don a riƙa kai jami'an tsaron tarayya daga wannan yanki zuwa wancan. A 2022 an yi shi a zagaye bakwai, daga 10 ga Fabrairu zuwa 7 ga Maris, an fara daga yamma aka ƙare a gabas, sannan aka ƙirga duka ƙuri'un rana ɗaya, 10 ga Maris. Masu rajista sun haura miliyan 150, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 ne suka fito.

Da na'ura ake kaɗa ƙuri'a. Mai zaɓe zai danna maɓallin da ke daura da suna da alamar ɗan takara, wata na'ura ta buga 'yar takarda ya gani ta gilashi na daƙiƙa bakwai, sannan ta faɗa akwati. Tun 2019, bisa umarnin Kotun Ƙoli, ana ƙirga waɗannan takardu da hannu a rumfuna biyar na kowace mazaɓa don a gwada da abin da na'ura ta nuna. Tun 2013 kuma akwai maɓallin ƙarshe ga wanda bai gamsu da kowa ba. Alamar BJP furen bado ce, ta Samajwadi keke, ta BSP giwa, ta Congress tafin hannu.

Ɗan shekara 18 na iya zaɓe, ɗan shekara 25 na iya tsayawa takara. Ɗan takara zai ajiye rupee 10,000, ya yi asararsu idan bai samu kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'u ba. A 2022 iyakar abin da doka ta yarda ya kashe shi ne rupee miliyan huɗu. Daga ranar da aka bayyana jadawali, ƙa'idojin ɗa'ar zaɓe kan fara aiki, gwamnati ba ta da damar sanar da sababbin ayyuka ko rabon tallafi.

Daga cikin kujeru 403, an keɓe 84 ga al'ummomin Dalit, biyu kuma ga ƙabilun asali. A irin waɗannan mazaɓu kowa na kaɗa ƙuri'a, amma ɗan rukunin ne kaɗai ke tsayawa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya tanadi kashi ɗaya cikin uku na kujeru ga mata, sai dai ya rataya aiwatar da hakan a kan sabuwar ƙidaya da sake shata mazaɓu. Matan da suka ci zaɓe a 2022 ba su kai 50 ba.

Sauya sheƙa ma yana da takunkumi. Dokar 1985 ta ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa, ko ya saɓa wa umarninta wajen kaɗa ƙuri'a a zaure, zai rasa kujerarsa. Tun gyaran 2003 mafita ɗaya ta rage, ita ce kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jam'iyya su narke cikin wata tare.

Lissafin da ke raba gardama

A kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ce, babu zagaye na biyu. Sakamakon zaɓuka huɗu na baya ya nuna abin da wannan ke haifarwa.

A 2007 jam'iyyar BSP ta Mayawati ta samu kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙuri'u, ta kwashe kujeru 206. A 2012 Samajwadi ta samu kimanin kashi 29, ta ci kujeru 224. A waɗancan shekaru jam'iyyu huɗu ne ke raba ƙuri'u, don haka wanda ya kusa kashi ɗaya cikin uku ya isa ya mulki jihar. A 2017 BJP ta tattara kusan kashi 40, ta ci kujeru 312, Samajwadi ta tsira da 47, BSP 19, Congress 7.

Zaɓen 2022 ya fi ba da darasi. Samajwadi ta samu kimanin kashi 32, fiye da abin da ya ba ta mulki a 2012, amma kujeru 111 kawai ta ci. BJP ta samu kimanin kashi 41 da kujeru 255, tare da ƙawayenta suka kai 273. BSP ta samu kusan kashi 13, wato miliyoyin ƙuri'u, amma kujera ɗaya tak ta samu. Congress ta tashi da biyu. Fafatawar ta koma ta ɓangare biyu, kuma a irin wannan yanayi kashi 30 ba ya isa. Da wannan nasara Yogi Adityanath ya zama babban minista na farko a jihar da ya cika shekara biyar ya kuma dawo, BJP ta zama jam'iyyar farko da ta maimaita mulki tun 1985.

Tambayar 2027 ta fito daga nan: ina ragowar ƙuri'un BSP za su nufa, kuma ƙananan jam'iyyu a wane ɓangare za su tsaya?

Rukunan gado da ƙuri'a

Ba a fahimtar wannan lissafi sai an san tsarin rukunan gado na al'ummar Hindu, wanda ake kira jati. Mutum kan gaji rukuninsa daga iyaye, kuma a da shi ke yanke masa sana'a da aure da matsayi. Tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar da ake nuna wa na ƙasa, ya ba su gurabe na musamman a makarantu da aikin gwamnati, amma rukunan suna nan da ransu a siyasa.

A sama akwai Brahmin da Thakur da 'yan kasuwa Bania, waɗanda akasarinsu ke bin BJP. A tsakiya akwai waɗanda hukuma ke kira al'ummomin da aka bari a baya, su ne mafi yawa: Yadav da Kurmi da Jat da Maurya da Lodh da Nishad da Rajbhar da sauransu. A ƙasa akwai Dalit, kimanin kashi 21 cikin 100 a ƙidayar 2011, mafi yawansu 'yan Jatav. Musulmi kuma kimanin kashi 19 ne.

Samajwadi ta ginu ne a kan Yadav da Musulmi, BSP a kan Jatav. Dabarar BJP tun 2014 ita ce ta haɗa na sama da waɗanda suka ga waɗannan jam'iyyu biyu sun yi watsi da su, wato 'yan tsakiya da ba Yadav ba da Dalit da ba Jatav ba, ta lulluɓe su duka da kiran haɗin kan mabiya Hindu. Martanin Akhilesh Yadav shi ne taken PDA, haruffan farko na kalmomin Hindi masu nufin waɗanda aka bari a baya da Dalit da 'yan tsiraru. Rabon da a ƙirga dukkan rukunan a ƙidayar ƙasa tun 1931. A Afrilun 2025 gwamnatin tsakiya ta sanar cewa za a ƙirga su a ƙidaya mai zuwa, kuma an tsara ƙirgar mutane a Fabrairun 2027, daidai lokacin da aka saba zaɓen jihar.

Jam'iyyu da jagororinsu

Yogi Adityanath, wanda aka haifa a 1972, shi ne shugaban wurin bautar Gorakhnath a Gorakhpur, ya kuma wakilci birnin a majalisar tarayya daga 1998 zuwa 2017. An rantsar da shi karon farko a 19 ga Maris 2017, karo na biyu a 25 ga Maris 2022. Magoya bayansa na yaba masa da murƙushe gungun 'yan daba da gina manyan hanyoyi, masu suka na zarginsa da amfani da 'yan sanda fiye da ƙima da kuma kalaman raba kan addinai.

Ƙawayen BJP ƙanana ne amma kowace tana riƙe da rukuni guda. Apna Dal ta Anupriya Patel tana da ƙarfi a cikin Kurmi, ta ci kujeru 12 a 2022. Jam'iyyar Nishad ta Sanjay Nishad, ta masunta da masu jiragen ruwa, ta ci shida. Wasu biyu da suka yi takarar 2022 tare da Samajwadi sun koma ɓangaren BJP: SBSP ta Om Prakash Rajbhar mai kujeru shida a 2023, da RLD ta Jayant Chaudhary mai kujeru takwas a 2024. RLD jam'iyyar manoman Jat ce na yammacin jihar, jagoranta kuma jikan tsohon Firaminista Charan Singh ne.

Mulayam Singh Yadav ne ya kafa Samajwadi a 1992, ya rasu a Oktoban 2022, don haka wannan ne zaɓen majalisar jiha na farko da jam'iyyar za ta shiga ba ya raye. Ɗansa Akhilesh ya zama babban minista a 2012 yana ɗan shekara 38. Ya ci kujerar Karhal a 2022, ya ajiye ta a 2024 bayan ya ci zaɓen majalisar tarayya a Kannauj.

Kanshi Ram ne ya kafa BSP a 1984. Magajiyarsa Mayawati ta zama babbar minista sau huɗu, kuma a 1995 ta zama mace ta farko 'yar Dalit da ta riƙe wannan muƙami a Indiya. Jam'iyyar na raguwa daga zaɓe zuwa zaɓe, ga kuma sabon mai neman gādon ƙuri'unta, Chandrashekhar Azad, wanda ya ci kujerar Nagina a 2024. Congress kuwa, wadda ta mulki jihar a mafi yawan shekarun farko bayan 'yanci, rabonta da kafa gwamnati a Lucknow tun 1989.

Abin da ya sauya tun 2022

Zaɓen majalisar tarayya na 2024 ya girgiza lissafi. Uttar Pradesh na da kujeru 80 a majalisar wakilan tarayya, Lok Sabha. BJP ta ci 71 a 2014, ta ci 62 a 2019, amma a 2024 ta faɗo zuwa 33. Samajwadi, wadda ta yi ƙawance da Congress, ta ci 37, Congress ta ci shida. BSP ta tashi ba ko ɗaya, kasonta ya sauka ƙasa da kashi 10. BJP ta rasa har mazaɓar Faizabad, inda Ayodhya take, wata biyar bayan Modi ya jagoranci buɗe wurin bautar Ram a can, kuma ɗan Dalit na Samajwadi, Awadhesh Prasad, ne ya kayar da ita. Asarar kujeru 29 a jiha ɗaya na cikin manyan dalilan da suka sa BJP ta tsaya a 240 a faɗin ƙasa, ƙasa da 272 da ake buƙata, ta dogara da ƙawaye.

Sai dai BJP ta farfaɗo a zaɓukan cike gurbi. A Nuwamban 2024 ita da ƙawarta RLD sun ci bakwai daga kujeru tara, har da Kundarki mai yawan Musulmi, Samajwadi ta ci biyu. A Fabrairun 2025 ta ƙwace Milkipur, kujerar da Awadhesh Prasad ya bari. 'Yan adawa sun yi zargin an yi amfani da jami'an gwamnati wajen hana magoya bayansu zaɓe, BJP ta musanta. Kowane ɓangare yanzu yana da sakamakon da yake nunawa a matsayin shaidar cewa iska na kaɗawa ta wajensa.

Batutuwan yaƙin neman zaɓe

Aikin yi na kan gaba. A Fabrairun 2024 mutum kusan miliyan biyar suka nemi gurabe kimanin 60,000 na aikin ɗan sanda, sannan aka soke jarrabawar bayan an gano an fitar da tambayoyin, aka sake ta a Agusta. Miliyoyin 'yan jihar na ci-rani a Delhi da Mumbai da Gujarat da ƙasashen Larabawa.

Noma shi ne na biyu. Jihar ce kan gaba a Indiya wajen noman rake da alkama da dankalin turawa da samar da madara. Gwamnatin jiha ce ke yanke farashin da masana'antun sukari za su biya manoman rake, kuma jinkirin biyan bashi tsohon ƙorafi ne a yamma. Akwai kuma shanun da aka saki suna cinye amfanin gona, domin dokar hana yankan saniya da aka tsaurara ta sa manomi ba ya iya sayar da dabbar da ta tsufa. Manoma ba su manta da Lakhimpur Kheri ba, inda mutum takwas suka mutu a 3 ga Oktoban 2021 lokacin zanga-zangar adawa da dokokin noma, waɗanda gwamnatin tsakiya ta janye a watan da ya biyo baya.

BJP za ta yi tinƙaho da rabon hatsi kyauta na kilo biyar ga kowane mutum a wata, da manyan hanyoyin Purvanchal da Bundelkhand, da taron ibada na Maha Kumbh da aka yi a Prayagraj daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairun 2025. 'Yan adawa za su tuna wa jama'a turmutsitsin 29 ga Janairu a wurin taron, wanda hukuma ta ce ya kashe mutum 30.

Matsayin Musulmi

Musulmin Uttar Pradesh sun kai miliyan 38 a ƙidayar 2011, sun fi na kowace jiha a Indiya. Da a ce kujeru na bin yawan jama'a da sun samu sama da 75, amma 34 ne suka ci zaɓe a 2022, duka a ɓangaren adawa. BJP ba ta tsayar da Musulmi ko ɗaya ba a 2017 da 2022. A mazaɓu da dama Samajwadi da BSP kan tsayar da Musulmi a lokaci guda, ƙuri'u su rabu, ɗan takarar BJP ya wuce.

Tarihin ya yi nauyi. A 6 ga Disamban 1992 gungun masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe Masallacin Babri a Ayodhya, gwamnatin BJP ta Kalyan Singh ta faɗi a ranar. A 9 ga Nuwamban 2019 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, amma ta ba da filin don gina wurin bauta, ta ce a bai wa Musulmi eka biyar a wani wuri. Rikicin Muzaffarnagar na 2013, wanda ya ci rayuka sama da 60, ya wargaza tsohon ƙawancen Jat da Musulmi a yamma, ya share wa BJP hanya.

Dokokin da majalisar jiha ke yi da yadda gwamnati ke aiki da su sun shafi rayuwar yau da kullum. Dokar hana sauya addini ta hanyar tilas ko yaudara ta fara a 2020, aka tsananta ta a 2024 har hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai. Rushe gidajen waɗanda ake zargi da laifi ya sa ake yi wa Yogi laƙabi da Baba mai katafila, har Kotun Ƙoli ta yanke a 13 ga Nuwamban 2024 cewa ba a rushe gida sai an ba da sanarwar kwana 15 an bi ƙa'ida. A watan ne kotun ta tabbatar da dokar makarantun Islamiyya ta jihar ta 2004, wadda Babbar Kotun Allahabad ta soke a Maris. A 24 ga wannan wata kuma mutum aƙalla huɗu suka mutu a Sambhal, a hargitsin da ya ɓarke kan binciken da kotu ta ba da umarnin yi a wani tsohon masallaci.

Rajistar masu zaɓe

A Nuwamban 2025 Hukumar Zaɓe ta fara tantance rajista gida-gida a Uttar Pradesh da wasu jihohi, bayan ta yi irinsa a Bihar. Daftarin da aka fitar a Janairun 2026 ya bar sunaye sama da miliyan 28 a waje. Hukumar ta ce na matattu ne da waɗanda suka ƙaura ko ba a same su ba da masu rajista biyu, ta kuma ba da damar ƙorafi. 'Yan adawa na fargabar talakawa da 'yan ci-rani marasa takardu ne za su fi shan wahala. A jihar da ake cin mazaɓu da yawa da ratar 'yan dubbai, wanda ke cikin rajista da wanda ba ya ciki na iya sauya sakamako.

Tasirinsa a Delhi

'Yan Vidhan Sabha ne ke zaɓen wakilan jihar 31 a majalisar dattawan tarayya, Rajya Sabha, mai kujeru 245. Babu jihar da ke da kaso kamar wannan. Su ne kuma ke cikin masu zaɓen shugaban ƙasa, tare da 'yan majalisun tarayya da na sauran jihohi, 'yan babbar majalisar jiha ba su da ƙuri'a a nan. Ana auna nauyin ƙuri'ar kowane ɗan majalisar jiha da yawan jama'ar jiharsa a ƙidayar 1971. Ta ɗan Uttar Pradesh tana da maki 208, mafi girma a ƙasar, ta ɗan Sikkim bakwai. Kujeru 403 sun ba da maki 83,824, kusan kashi takwas cikin 100 na jimillar. Wa'adin Shugaba Droupadi Murmu zai ƙare a Yulin 2027, saboda haka majalisar da za a zaɓa za ta kaɗa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa watanni kaɗan bayan rantsar da ita.

Akwai kuma zaɓen tarayya na 2029. Kowace mazaɓar Lok Sabha a jihar ta ƙunshi kimanin mazaɓu biyar na majalisar jiha, kuma 'yan majalisar jiha ne ke riƙe da ƙauyuka da unguwanni. Idan BJP ta ci karo na uku, za a ɗauki 2024 a matsayin tuntuɓe, kuma sunan Yogi Adityanath zai ƙara ƙarfi cikin waɗanda ake hasashen za su gāji Modi. Idan Samajwadi ta ci, 'yan adawa za su samu jihar da ta fi kowace girma shekara biyu kafin babban zaɓe.

Mai bibiyar zaɓen zai so ya sa ido kan yadda Samajwadi da Congress za su raba kujeru, da adadin da BJP za ta sakar wa ƙananan ƙawayenta, da waɗanda BSP za ta tsayar a mazaɓun da Musulmi da Dalit suka fi yawa. A 2012 kashi 29 ya ba da kujeru 224, a 2022 kashi 32 ya ba da 111. Bambancin ya fito ne daga jerin 'yan takara da yarjejeniyoyin ƙawance, waɗanda ake kammalawa makonni kafin a buɗe rumfar zaɓe ta farko.